Sauƙin da Baba Ya Samu

Ina da shekara bakwai wata muguwar mura ta shigo Kurfi. Kwana biyar Baba bai iya kwanciya ba. A zaune yake, jingine da buhun gero, yana jan numfashi kamar mai jawo guga daga rijiya mai zurfi.

Bayan azahar malamin asibiti ya iso daga Dutsin-Ma a kan keke, da wata 'yar kwalbar magani mai launin ruwan ƙasa. Har yau ina jin warinta mai ɗaci. Ya ba Baba cokali guda, ya ce wa Inna, kansa a sunkuye, "Zai samu sauƙi, in sha Allahu."

Ya kuwa samu. Kafaɗunsa suka sauka, hakin ya lafa, ya dube ni ya ce, "Uwata." Haka yake kirana, don sunan mahaifiyarsa na ci.

Ban tsaya ba. Na fita a guje, gida gida ina shela: "Baba ya samu sauƙi!" Mata suna ta hamdala, Gwaggo har ta dama masa fura ta ɗora mini a ka.

Da na dawo bayan la'asar, an riga an lulluɓe shi da zane.

Sai da na girma na san maganin da ake kira mofin ne a kwalbar: yana kwantar da numfashi, ba ya warkar da cuta. Inna ta gane tun a lokacin. Ta ce a ɗan tsakanin nan ya yi magana sarai, ya yi salati, kuma sau uku yana tambaya, "Ina Uwata ta shiga?"

Ni kuwa ina can ina rabon albishir.