Ɓarawon da Ke Karanta Littafin Gwadabe

Ranar da keken ɗinkin Adda Asma'u ya ɓata, kwana uku ke nan da fitowar sabon littafin Gwadabe, kuma a shafi na tara an sace keken ɗinki.

Gwadabe akawu ne a Dutse, amma a ransa shi marubucin labaran ɓarayi ne. Hanyarsa ɗaya ce. Da zarar Sale Ɗan Miga, mai kukumar nan da kaset ɗinsa ke tashi a kowace motar Jahun, ya saki sabuwar waƙa, sai Gwadabe ya tsinci kalma guda a ciki ya gina sata a kanta. Mawaƙi ya ce budurwa ta ɗinke masa zuciya. Gwadabe ya ji ɗinki, ya sa aka sace keke.

Matarsa Bilki ce ke kwafe labaran da hannunta kafin a kai Kano a buga, domin rubutun Gwadabe ko shi kansa sai ya yi da gaske yake gane shi. Littattafai huɗu ya fitar kafin wannan, duka suna jibge a ɗakin ajiya na bayan gida. Gara ce kaɗai ke karanta su.

Amma da keken ya ɓata, unguwa ta ɗauka. Kowa na so ya ga shafi na tara da idonsa. Cikin sati guda littafin ya ƙare, aka koma kan tsofaffin huɗun aka kwashe. Ɗakin ajiya ya zama fayau, Bilki ta share shi ta sa masa kwaɗo.

Sale Ɗan Miga ya saki wata waƙar, inda ƙauna ke soya shi. Gwadabe ya rubuta satar kasko. Kwana uku da fitowar littafin, Adama mai ƙosai ta tashi babu kasko. Ta aro wani ta ci gaba da suya, layinta ya ninka, don kowa na so ya ji labarin daga bakinta.

Waƙa ta gaba a kan gudun lokaci ce. Agogon bangon Liyatu, matar Ebenezer, mai shagon kayan miya, ya yi ƙafa. Har daga Miga aka riƙa zuwa shagon don kallon ƙusar da yake rataye a kai.

Da farko Gwadabe ya ji daɗi. Sai dai shekarar ce aka ƙaddamar da shari'a, kuma a majalisar ƙofar masallaci an fara tambayar wanda ke sanin sata tun kafin a yi ta. Idan ya miƙa hannu a gaisa, sai ya ga ana ƙare wa hannun kallo, kamar ana yi masa bankwana.

Mai unguwa ya aika a kira shi.

"Malam Gwadabe," in ji mai unguwa, "cikin biyu a yi ɗaya. Ko ka daina rubutu, ko ɓarawonka ya daina karatu."

"Ranka ya daɗe, wallahi waƙa kawai nake bi."

"To shi kuma kai yake bi."

Gwadabe ya dawo gida ya kasa cin tuwo. Ya zargi mai buga littafin. Ya zargi direban da ke kawo su daga Kano. Har mawaƙin ya zarga. Bilki dai ta tura masa kwano gabansa.

"Ka ci abinci, Malam. Ga sabon kaset can ya fito."

A nan dabara ta faɗo masa. Sabuwar waƙar ta biki ce, kuma babbar tukunyar biki guda ɗaya ce tak a unguwar, ta Hajiya Halimatu Sa'adiya, wadda mata ke haya in suna da taro. Ya rubuta labarin satar tukunya da rana tsaka, lokacin da maza ke wajen aiki. Wannan karon shi zai kama ɓarawon da hannunsa, ya wanke hannun.

Rana ta uku da fitowar littafin ya sa babbar riga, ya ce ya tafi ofis. Ya zagaya ya haye duwatsun da ke kallon gidan Hajiya, ya kwanta rub da ciki da gora a gefensa. Rana ta gasa shi. Cinnaka suka shiga rigar. Wani bunsuru ya tsaya a kansa ya daɗe yana nazarinsa.

Gab da azahar ƙofar ta buɗe. Tukunyar ta fito, kife a kan wani da ba a ganin komai nasa sai ƙafafu da gefen hijabi.

Gwadabe ya sulalo ya bi ta. Tukunya ta shiga lungu, ya shiga. Ta karya kwana wajen bishiyar dabino, ya karya. Har ya fara tsara yadda zai rubuta wannan kamu. Sai ya ga lungun ya yi masa kama da wanda ya sani. Tukunyar ta tura wata ƙofar baya ta langa-langa ta shige. Ƙofar gidansa ce.

Ya taka dutse ya leƙa ta kan katanga. Ɗakin ajiya a buɗe yake, Adda Asma'u na ciki tana taka kekenta, Adama da Liyatu na zaune kan tabarma suna ɓare gyaɗa. Aka sauke tukunya, fuskar Hajiya Halimatu Sa'adiya ta bayyana tana haki. Bilki ta miƙa mata ruwa a moɗa ta ce, "Sannu da aiki, Hajiya. Yanzu ki koma gida ki fara ihu, amma ki ɗaga murya sosai, kwafi dubu biyu muka buga wannan karon."