Kyamarata a Jana'izar Malam Tanimu

Ranar Laraba ce, rana ta take tun hantsi, garin ko iska babu. A ranar muka ɗauki gawar Malam Tanimu, mahaifin abokina Sadisu.

Tun da aka kafa sabuwar doka, kowace mota da kyamararta a jikin gilashi. In ta hango laifin wata motar, da kanta take kai ƙara, nan take a kashe motar daga ofis. In ka rufe ta, taka ce za ta mutu. Ni da rawar kaina na zaɓi wadda ta fi kowacce gani, har ina cika baki a majalisa.

Makara na cikin a-kori-kura, dangi sun cika bayanta maƙil kamar yadda aka saba, ina biye da su a motata. Sai kyamarata ta kawo jar wuta, ta ce, "Lodi ya wuce ƙa'ida. An gode, direba nagari."

A-kori-kurar ta mutu a tsakiyar titi.

Sadisu ya diro, ya daki gilashina da dutse. "Gawar ubana ka kai ƙara?"

"Wallahi ba ni ba ne, ita ce!"

"Uban wa ya sayo ta?"

Kawunsa ya ce, "Rabu da ɗan iska. Ku kama, a kai shi a ƙafa." Na miƙa hannu zan kama makarar, ya make shi.

Abin da na rasa: gilashi ɗaya, aboki ɗaya, da wurin zamana a majalisa. Kyamarar ko ƙwarzane ba ta yi ba.