Sharaɗin Zakiyyu

Abokiyar wasata Haulatu, wadda surutunta ke tashin masu barci har Mai'adua, ranar nan tana zaune kan tabarma a soro. Ina laɓe a bayan soro, Zakiyyu ya zo zance.

Ya san tana da cuta mai karya garkuwar jiki, ya ce ya ji ya gani. Amma yau da sharaɗi ya zo.

"Ki daina zuwa asibitin nan. Yayata na sayar da awara a bakin ƙofa, idonta na kanki. Ai kin warke, dubi kumatunki."

"Magani ne ya yi kumatun," ta ce. "Likita ta ce muddin na riƙe shi yadda muka tsara, ba zan sa maka ba. Mu je tare ka ji."

Ya ƙura wa takalminsa ido kamar yau ya saye shi. "A Daura? Kowa ya san ni."



"Ni ma likita ta san ni," in ji Haulatu, "ba ta taɓa sunkuyar da kai ba. Tashi, zan naɗe tabarma."