Daƙiƙa Arba'in na Ruwan Sama

Tun da ciwon suga ya cinye mini idanu, muryar wata mata ce da aka tanada wa makafi a talabijin take gaya mini abin da ake yi a wasan ranar Alhamis. Ba ta da ƙiwa, baiwar Allah. In aka zuba gahawa sai ta faɗi launin kofin. In likita ya sumbaci matarsa, har inda ya ɗora hannu sai na sani.

Amma a kashi na tara, da makanikin wasan ya ja ƙofar gareji ya rufe, shi da malamin makaranta, sai ta ce: "Ana ruwa a waje." Shi ke nan. Daƙiƙa arba'in, na ƙirga. Ina jin numfashi, na ji sifana ta faɗi, na ji 'yar dariyar nan ta hanci, ita kuwa tana ba ni rahoton yanayi.

Ginka maƙwabciyata ta zo manna sabuwar takardar sanarwar rasuwa mai hoto a ƙofata, ta cikar wata shida, kamar yadda ake yi a ƙasarmu. Na roƙe ta ta kalla mini wurin in an maimaita.

"Ni, da furfurata? Baba Hristo, matar nan asiri ta rufa maka."

Na sa ta kira mini gidan talabijin ɗin. Wani mai zaƙin murya ya ɗauka.

"Ka yi haƙuri, Baba, mun rage bayanin wurin iya ragewa. Saboda dattawa irinku muka yi haka."

"Irinmu? Shekara talatin ina tuƙa bas a birnin Plovdiv, me ban gani ba a kujerar baya? Mai ido an nuna masa, ni an ba ni ruwan sama. Wa ya ce muku makaho jariri ne?"

"To me kake so a faɗa?"

"Abin da ke wurin. Wa ya fara miƙa hannu. Fuskar makanikin, tsoro ne a kanta ko murmushi."

Ya ce zai kai maganar sama. Har yau tana can.

Ranar Asabar za a maimaita, zan matso da kujera in sake ƙirgawa. Lokacin da nake da ido, korar ɗana Asen na yi daga gidan nan don kada in ga wannan fuskar. Makanikin nan ɗana ne, a wasa na ƙarshe da ya fito kafin hotonsa ya hau ƙofata.