Na Allah ko na Kamfani

Tun da dabbobin teku suka yi ƙaranci, kamfani ya zuba na inji a cikinsu, doka kuma ta hana matuƙan jirgi bambance su.

Na raka kakata, Inna Tasalla, yawon kwalekwale a gaɓar Badagiri. Wani ƙaton kunkuru ya taso daf da mu. Inna ta buɗe baki za ta yi tasbihi, sai ta fasa.

Ta juya ga matuƙin: "Ɗan nan, wannan na Allah ne ko na kamfani?"

"Hajiya, in na faɗa korata za a yi."

Kunkurun ya nutse. Ta daɗe tana kallon ruwan.

"Subhanallahi," ta ce. "Ruwan dai ba su ƙera shi ba tukuna."