Hannun Hagun Tanimu

Tun da aka miƙa wa na'ura shari'ar raunuka, Lauya Zulai ta daina shiga kotu. Benci take sawa a bakin ƙofa, tana sauraron masu fitowa, kyauta.

Yau Tanimu wanzami ne ya zauna. Hatsarin mota ya raba shi da hannunsa na hagu.

"Hajiya, na'urar ta ce raunin ƙarami ne, tunda na dama yana nan."

"Ba ka gaya mata kai bahago ne ba?"

"Ai ba ta tambaya. Za ki ɗaukaka mini ƙara?"

Shekara talatin Zulai ta yi tana cin irin wannan shari'a. Yanzu babu alƙalin da za ta tsaya a gabansa.

"Malam Tanimu," ta ce a hankali, "ba ni labarin ranar da ka fara riƙe aska."