Inda Malam Ke Jifa

Tsofaffin ɗalibai suna bin gawar malamin badujalarsu na sakandare a titin birnin Oaxaca, matarsa ta ce, "'Ya'yana, ku busa masa waƙar nan mai wuya, ita ya fi so."

Mai ƙaho ya lashi giɓinsa. A da, gaɓa guda a waƙar ke kayar da su kullum, Malam kuwa ya wurgo abin da ya samu, sanda ko takalmi. Ran nan kujera ce, ta fasa wa mai ƙaho haƙori. "Jakuna! Ku sake!" Da jini a bakinsa mai ƙaho ya sake.

Yau ba wanda ya kuskure. Amma da suka iso gaɓar, duk suka duƙe lokaci guda, furfura da sanƙo.

Matar ta share hawaye. "Allah sarki, dubi ladabi."